Tsohuwar Mussa da Kaskon Mai Jego

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan, don tuna su ba ya ƙara mini komai sai hawan jini. Amma akwai wata safiya ta lokacin ɗari da na tabbata har a sa ni cikin ƙasa ba za ta fita daga kaina ba. Ita ce safiyar da na ɗaure tsohuwar mussar gidana a buhun albasa, na ɗora ta a babur zan je in yar. Mussa muke cewa a nan ƙasar Sakkwato. Wanda ya saba da kyanwa ko mage, to ita ce dai.

Ni mutumin Boɗinga ne, manomin gero da albasa. Boko ban yi nisa ba, na dai iya haɗa baƙi in rubuta irin wannan, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo ya dame ni.

Mussar nan ba sayen ta na yi ba, ba kuma tsintar ta na yi ba. Ranar da aka kawo mini maiɗakina daga Horo Birni, can ƙasar Shagari, cikin kayan da uwarta ta haɗo mata, tsakanin kwanoni da tabarmi, har da wata 'yar mussa ruwan toka mai tsagaggen kunne ɗaya. Tsohuwar ta ce ta ji ina da rumbu, kuma ba ta yarda ɓera ya riga ɗiyarta cin gero ba. Haka mussa ta shigo gidana rana ɗaya da amarya. Ta kuwa yi aikinta. Shekara da shekaru maƙwabta na kukan ɓera, ni rumbuna ko kashinsa ba ka gani.

Sai dai shekarun nan da mussa ke ƙirgawa, mu ma muna ƙirga namu. Aka yi shekara goma da wani abu, ko ɓari maiɗakina ba ta taɓa yi ba. Wanda bai zauna a gari irin namu babu ɗa ba, bai san kaifin bakin mutane ba. A teburin mai shayi aka laƙaba mini suna, wai Baban Mussa. Ina zama wani zai ce, “Baban Mussa, ya iyali? An yaye ta ko?” Wani ya karɓe, “Yaushe za a kai ta makarantar allo?” A kwashe da dariya, ni ma in buɗe haƙora, in shanye shayina da zafinsa in tashi. In na koma gida, mussar ce kaɗai ba ta da tambaya. Ba zan ce tana sona ba, mussa ba ta son kowa sai cikinta. Amma dai ba ta taɓa tambayata yaushe zan ƙara aure ba, ba ta taɓa kawo mini labarin wani mai magani da ke bayan dutse ba. Sai ta zo ta kwanta a kan ƙafata, mu yi shiru tare. Na sha shigowa kuma in tarar da maiɗakina ta ɗora ta a cinya tana shafa ta, idonta ja. Ban taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa bayani ba.

Sai da furfura ta fara fito mini a gemu Allah ya ba mu ɗiya mace. Mutanen nan masu Baban Mussa su ne a sahun gaba ranar suna, su suka cinye ragon, har da mai aiko yaro neman ƙari. Ban hana su ba. Na dai tsaya ina kallon bakunansu suna motsi, na ga ashe baki ɗaya ne, da shi ake zagi da shi ake taunar nama.

Bisa al'ada, haihuwar fari a gidan iyaye ake wankan jego. To amma haihuwar ta zo da wahala, ma'aikaciyar asibiti ta ce kada a kai ta ƙauye, ta zauna kusa a riƙa duba ta. Da ɗiya ta kasa zuwa wurin uwa, sai uwa ta ɗauro ƙunshinta ta taho wurin ɗiya. Haka surukata, wadda kowa ke kira Inna, ta sauka gidana da niyyar yin arba'in.

Wanda ya san al'adarmu ya san kunyar da ke tsakanin namiji da uwar matarsa. Ba ka kallon idonta, ba ka cin abinci a gabanta, magana in ta wuce gaisuwa sai ta hanyar wani. Wannan yana da sauƙi in tana garinsu kana garinku. Amma gidana ɗaki biyu ne da rumfa, in na yi atishawa a zaure sai ta ce alhamdu lillahi daga makewayi. Dole muka samo dabara. In tana da magana da ni, sai ta fuskanci bango ta ce, “A gaya ma mai gidan ga itace ya ƙare.” Ni kuma in durƙusa in kalli turmin da ke tsakar gida in ce, “A gaya ma Inna yanzu za a kawo.” Turmin nan ya ji maganganun da babu turmin da ya taɓa ji a Boɗinga.

Inna ta karɓe gidan gaba ɗaya. Safe da yamma ƙatuwar tukunya na kan murhu, ruwa na tafasa da ganyen darbejiya, ga kunun kanwa, ga gasasshen nama da yaji wanda ni mai sayowa ko ƙanshinsa ba a yarda in tsaya shaƙa ba. Ta so a hura wuta ƙarƙashin gadon mai jego kamar yadda aka yi mata a zamaninta, ma'aikaciyar asibiti ta hana, ta ce a rage zafin ruwan ma, a rage kanwa. Inna ta yi tsaki ta ce yaran yanzu da ba su haifi ko ƙwai ba su ne za su koya mata. Daga ƙarshe aka daidaita a kan kasko: a zuba garwashi a ciki, a ajiye gefen gado, a bar taga a buɗe. Gefen da kaskon yake, nan ake shimfiɗe jaririya. Nan kuma Inna ke zama ta miƙe ƙafafu, wai tana gadin jikarta.

Wani abu kuma da ban kula da shi ba a lokacin, Inna mace ce mai tsoron gobara, ga rudun albasata, wato rumbun ciyawa da nake ajiye ta, a bayan ɗaki. Da an sauke tukunya sai ta kwashe tokar murhu tas, ta yayyafa ruwa. Alhali cikin tokar nan mai ɗumi mussa ta saba kwana tun da ta fara tsufa. Ɗakin maiɗakina kuwa an hana ta ko leƙawa. Ta doso ƙofa, Inna ta ɗaga mafici. Ni ina can ina washe baki na zama uba, ban tambayi kaina ina tsohuwar ke kwana cikin wannan sanyi ba.

Bayan suna da 'yan kwanaki, wata safiya rana ta ɗan ɗago, ina bayan ɗaki ina juya albasa, Inna ta shiga makewayi da mai jego wurin wanka. Jaririya na barci ita kaɗai, labule kawai a ƙofa. Sai na ji salati, irin wanda ke tsinka hanji. Ban san lokacin da na tsallake kwandon albasa ba, na manta da kunya, na manta da turmi, na faɗa ɗakin.

Mussa na kwance a kan gado, ta manne da kan jaririya, gashin cikinta dab da hancin yarinyar. Ko motsi ba ta yi ba, ta ɗago ido ta dube mu kamar mu ne muka shigo mata ba sallama. Maiɗakina ta fizge ɗiyar. Yarinya ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tsala kuka. Ban taɓa jin daɗin kukan wani mahaluki kamar na ranar ba.

Ba na son in yi muku ƙarya don in kare mussa. Abin da na gani ba abin wasa ba ne. Da ta ƙara gyara kwanciya kaɗan, da wanka ya ƙara tsawo, Allah kaɗai ya san me za mu tarar. Shekara goma da wani abu ina jira, a ce kuma dabba ta toshe hancin abin da na jira.

Inna ta fito tsakar gida, ta fuskanci bango ta ce, “A gaya ma mai gidan ga, ni na san mussa. Numfashin jarirai suka sha, tun kakanninmu an san haka. Ko mussa ta hita gidan ga, ko in tahi da ɗiyata da jikata Horo Birni, asibiti ta biyo mu can in tana so.”

Na kalli turmi, turmi ya kalle ni. Na leƙa ɗaki ko maiɗakina za ta sa baki, sai na ga ta rungume yarinya tana hawaye. A hankali ta ce, “Malam, ka kai ta nesa. Kada dai in gani.”

Washegari da sassafe na ɗauko buhun albasa, irin mai raga ɗin nan. Na zaci za a yi kokawa, har na naɗe hannu da tsumma. Ina! Na same ta a rakuɓe jikin bango, na ɗaga ta kamar tsohon zane, na sa a buhu. Matsalar buhun albasa ita ce ana ganin abin da ke ciki, abin da ke ciki ma yana ganin ka. Duk tsawon hanya in na waiga sai mu haɗa ido.

Na kama hanyar Shagari, sanyi na yanka mini yatsu. Har na yi tunanin in kai ta Horo Birni in sauke ta a ƙofar gidan Inna, tunda dai daga can aka kawo mini ita, kowa ya karɓi kayansa. Na tuna rigimar da za ta biyo baya, na fasa. Na samu wani wuri kusa da wani ƙauye, inda na ga rumbuna daga nesa, na ce ko ba komai za ta samu ɓera da mutane. Na tsaya gindin wata bishiya, na kashe babur, na kwance buhu.

Ta fito a hankali, tana jan ƙafafun baya kamar na aro. Na ce, “To, tahi. Ga gari can. Allah shi haɗa ki da na kirki, in akwai.” Ta dubi garin, ta dube ni, ta juya ta taka zuwa babur, ta shige ƙarƙashin injin inda zafi ke sauka, ta kwanta ta lumshe ido. Na jawo ta, na kai ta bayan bishiya na ajiye. Kafin in ɗaure buhu a bayan babur ta dawo wurin. Na sake kai ta, ta sake dawowa. Wani dattijo ya zo wucewa a kan jaki, ya ga ƙato durƙushe yana leƙen ƙarƙashin babur yana faɗa, ya ce, “Malam, lalacewa ya yi?” Na ce, “Baba, babur lahiya lau, ni ne dai.” Ya ce Allah shi sawwaƙe, ya wuce yana waiwaye.

Na tsuguna ina zaginta, ina ce mata mayya, mai taurin kai irin na mutanen garinsu. Ina cikin zagin sai na lura da hannuwana. Ashe tun ɗazu na miƙa su jikin injin ina gasawa, don yatsuna sun ƙage. Ni da ita abu ɗaya muke yi, ni dai na fi ta surutu.

Na daɗe a tsugune. Na sa hannu na latsa ƙugunta, ta yi 'yar ƙara ta kai mini cizo da haƙoran da suka rage mata. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Tokar murhu da aka daina bari. Yadda ta daina hawa katanga tun bara. Kaskon garwashi, da gefen gadon da ya fi ko'ina ɗumi a gidan, da jaririya wadda ita kanta kamar ɗan kasko ce a naɗe cikin zane. Tsohuwar nan ba numfashi ta je sha ba. Ƙashinta ke ciwo, an kashe mata wutarta, ta bi ɗumi har inda ya kai ta.

Na mai da ita buhu, wannan karo ban ɗaure bakin ba, muka juyo Boɗinga. Ban wuce gida kai tsaye ba, na tsaya wurin likitan dabbobi, inda ake kai shanu da awaki. Na shiga layi tsakanin mai sa da mai tunkiya, rungume da mussa. Da ya zo kaina sai da ya cire tabarau ya goge. Ya dai duba ta, ya ce tsufa ne da ciwon gaɓoɓi, ya yi mata allura, ya ba ta maganin tsutsa, ya rage mata ƙumba. Na ba shi labari, na zaci zai ce Inna ta yi ƙauyanci. Sai ya ce, “Shan numfashi dai babu shi. Amma tsoron da ta ji gaskiya ne. Mussa ba sai ta yi nufin sharri ba, nauyinta da gashinta sun isa. Kada ku sake barin su su biyu a ɗaki, ko na shiga makewayi ne.” Ya ce in sa ƙofa mai rufuwa, in sa gidan sauro a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, in kuma sama mata wurin ɗumi nata na kanta.

Da na fito dole in bi ta gaban mai shayi. Wani ya hango kan mussa ya leƙo daga buhu, ya ɗaga murya, “Baban Mussa, rigakahi anka kai babbar ɗiya?” Na ce, “Ita an yi mata. Na tambaya ko akwai ta baki, ya ce ku taho da kanku.”

Na biya wurin kafinta na ce ya biyo ni da ƙofar raga, sannan na shiga gida. Inna na ganin buhu na motsi sai ta shiga ɗaki ta fara ɗaure ƙunshinta. Na durƙusa gaban turmi, don na san in tsohuwar nan ta fita da su, sai bayan arba'in in ga ɗiyata, kuma duk abin da ya samu mai jego a ƙauye ni za a ce na zaɓi dabba a kan iyalina.

Na ce, “A gaya ma Inna ta yi haƙuri ta ba ni rana guda. A hito da kasko waje, a aje ƙarƙashin rumfa. A ɗage labule, a bar yarinya kan gado, uwarta na zaune kusa da ita. In mussa ta bar kasko ta nuhi yarinya, ni da kaina zan kai ta inda ba ta dawowa.”

Daga ɗaki aka ce, “A gaya ma mai gidan ga jikata ba abin gwaji ba ce.”

Sai maiɗakina ta ce, “Inna, ina riƙe da ita. Ki bari a gani.” Can Inna ta ce, “A hita da kaskon. Ni ba ruwana.”

Na sa tsumma na ɗauko kasko, na ajiye ƙarƙashin rumfa, na ƙara garwashi. Na koma bakin zaure da mussa a hannu ina jira ɗakin ya huce. To ɗaki in ya huce, ba mussa kaɗai ke ji ba. Ba a daɗe ba sai ga Inna ta fito tana dafa bango, tana cewa ita ta fito ne ta ga ƙaryar mai gidan ga da idonta. Ta jawo tabarma, ta duba nan, ta duba can, duk faɗin tsakar gidan ba ta ga wurin zama ba sai gefen kasko. Ta zauna da ƙyar, ta miƙe ƙafafu, ta fara matsa gwiwa.

Na sauke mussa. Ta yi miƙa, ta kama hanya tana ɗingishi, kai tsaye ta nufi ƙofar ɗakin. Inna ta ce wa bango, “To, a gani.” Mussa ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗaga hanci. Jaririya ta yi ɗan kuka daga ciki. Mussa ta kaɗa tsagaggen kunnenta kamar an dame ta, ta juya, ta ratsa tsakar gida, ta zagaya kasko tana neman wuri. Wuri mai kyau ɗaya ne, kuma an riga ta. Sai kawai ta kwanta ta jingina ƙugunta da ƙafar Inna, ta lumshe ido.

Maiɗakina ce ta fara, daga cikin ɗaki, dariya tana riƙe ciki tana cewa wayyo. Ni kuwa bakina da bai taɓa sanin lokacin yin shiru ba, na kalli turmi na ce, “A gaya ma Inna, mutanen Horo Birni dai duk cuta guda ke damunsu.”

Na zaci mafici zai biyo kaina. Inna ta dubi mussar, ta daɗe tana dubanta. Ta kai hannu ta taɓa ƙugun, daidai inda na latsa, sannan ta taɓa tata gwiwar. Ta ce, “A gaya ma mai gidan ga bakinshi ya yi tsawo.” Amma ba ta janye ƙafar ba. Jim kaɗan ta ƙara da cewa, ƙasa-ƙasa, “Uwar wagga ma haka ta yi da ta tsuhwa. Cikin toka ta mutu.”

Ba ta sauka haka nan kyauta ba, sai da ta kafa sharuɗɗa, duk ta bango. Ƙofar raga ta kasance a rufe da sakata ko ana ciki ko ba a ciki. Gidan sauro kullum a sauke. Wanda ya taɓa mussa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa jikarta, ko da shi ne ya haife ta. In za a shiga wanka, ni zan bar albasata in zo in zauna bakin ƙofa. Na amsa duka. Kafin la'asar kafinta ya kafa ƙofa. Kasko bai sake komawa ɗaki ba, aka ƙara wa yarinya bargo da hula, ma'aikaciyar asibiti ma da ta zo ta ce da ma hayaƙin garwashi ba ya yi wa jariri kyau. Inna ta yi kamar ba ta ji ba.

Ni kuma na samu sabon aiki. Kowace yamma in tura wani faffaɗan dutse cikin murhu, in ya ɗau zafi in naɗe shi da tsumma, in sa a cikin tsohon kwando ƙarƙashin rumfa. Na ɗauko wani zanen goyo da yarinya ta kwana a kai na shimfiɗa mata, don ta saba da warin. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta gan ni ina gasa dutse, kafin magariba duk unguwa ta ji wai gidana masu jego biyu ne, ɗaya Inna ke yi mata, ɗaya ni. Na bar su. Wanda ya sha Baban Mussa shekara goma, wannan ba ta ko yi masa ƙaiƙayi.

Ranar da aka yi arba'in Inna ta ɗaure kayanta. Na riƙe mata ƙunshi har bakin titi inda za ta hau mota, ina gaba tana baya. Da na dawo na tarar da tsohon mayafinta mai kauri a ninke cikin kwandon mussa. Maiɗakina ta ce, “Ta ce a gaya ma mai gidan ga, dutse na hucewa kahin asuba.”

Kada wani ya zaci daga nan mussa da yarinya suka zama aminai. Mussa ba ta taɓa kula ta ba, kallon baƙuwar da ta ƙi tafiya take yi mata. Da yarinya ta fara rarrafe ma sai lissafi ya juye, mussa ce ta koma neman mai ceto. Wutsiya, kunne, gashin baki, babu wanda ba a ja ba. Na kafa mata katako a jikin rumbu, na jingina wani a karkace don ta hau ba sai ta yi tsalle ba, can take gudu in an matsa mata. Na kewaye wurin da take tona ƙasa ta yi kashi da guntun zana, don yarinya komai ta samu baki take kaiwa. Kullum kuma in kama ɗan hannun in buɗe shi, in shafa bayan mussa da shi ina cewa, “A hankali, yayarki ce, ta girme ki.” Duk da haka sau ɗaya ta sha yaƙushi a hannu, ranar da ta zauna mata a kan ƙugu. Muka wanke da sabulu, muka kai asibiti aka duba. Ban daki mussa ba. Ni ma aka zauna mini a ƙugu abin da zan yi ke nan.

Ta rayu har yarinya ta fara gudu. Wata safiya na zo ɗaukar dutse na tarar da ita a kan mayafin Inna, ta riga ta yi sanyi. Na haƙa rami bayan rumbun da ta yi wa gadi na rufe ta. Da aka aika wa Inna, sai ta aiko a gaya wa mai gidan ga ta yi mishi gaisuwa. Duk Boɗinga babu wanda ya yi mini ita sai tsohuwar da ta ce in yar da ita.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya ishe ni. In tsohon da kuka daɗe tare ya fara abin da bai saba ba, mutum ne ko dabba, kafin ka nemo buhu ka tsaya ka duba ina ke masa ciwo, ka kuma duba me aka ɗauke masa da sabon abu ya shigo gida. Sannan tausayi ba ya hana a sa sakata. Da na tsaya a kan mussata ba ta da mugunta na bar ƙofa a buɗe, da wauta na yi. Da na bi tsoro na bar ta gindin bishiya, da zalunci na yi.

Yarinyar yanzu ta shiga makaranta, ta fi ni iya karatu, ba ta kuma ɓoye mini hakan. Ni kuma gwiwoyina sun fara ba ni labari. In ɗari ya shigo, duk inda aka ajiye kasko nan za ka same ni, ko da tsakiyar hanyar masu aiki ne. Rannan uwarta ta gaji da tsallake ƙafafuna, ta fuskanci bango ta ce, “A gaya ma mai gidan ga ya tashi mana daga hanya.” Sai yarinyar ta ce mata, “Ki bar shi. Bari in gasa mai dutse.”